Rawanin da Aka Ɗaura wa Isa Maƙeri

Wasu samari a unguwarmu sun samu aikin hutu, wai za su riƙa nemo wa ɗalibai baƙi mutanen da za su yi musu bayani a kan sana'o'in gari. Na ji su a ƙofar gida suna cewa aikin ba wuya: ka kira mutum, ka ba shi kujera, ya yi magana, a tafa masa, ya kama gabansa. Suna faɗa suna ta dariya. Amma da wannan aiki na ci abinci tun farkon samun mulkin kai har zuwa lokacin da arzikin mai ya cika ƙasa, saboda haka bari in rubuta musu yadda yake.

A wancan zamani, duk damina idan makarantu suka tafi dogon hutu, wasu ɗalibai kan zo daga jami'o'in ƙasashen Turawa, su sauka a ɗakunan kwana na wata makaranta da ke gefen Keffi. Su a wurinsu lokacin hutu ne, mu a wurinmu tsakiyar noma. Da safe su koyi Hausa, bayan la'asar a kawo musu wani mai sana'a ya yi musu jawabi. Wanda yake nemo masu jawabin, kuma yake yi musu tafinta, shi ne Ticha Bulus, wani malamin firamare ɗan ƙabilar Mada daga wajen Garaku. Ni karatuna bai wuce midil ba, amma ina jin Turanci gwargwado, kuma ba lungun da ban sani ba a gari. Shi ya sa ya ɗauke ni in riƙa taya shi.

Aikin farko da ya ba ni shi ne in nemo wanzami. Na tafi kai tsaye wurin wanda yake yi mana aski, muka gama magana, na dawo ina jin na burge. Ticha ya tambaye ni ko na gaida Sarkin Aska. Na ce ban ga dalili ba, tunda mutumin ya yarda. Ya miƙo mini ƙunshin goro ya ce in koma. Ya ce kowace sana'a a garin nan gida ce mai maigida, kuma wanda zai yi magana da yawun sana'a a gaban baƙi, sai maigidan ya san da fitarsa. Na koma na durƙusa gaban Sarkin Aska, ya karɓi goro, ya ba ni wani wanzami dabam, ba wanda na zaɓa ba. Da wannan muka yi aiki, kuma ya yi kyau.

Kayan aikin ba su da yawa. Keke, laima, goro a cikin ganye, tabarma da buta. Keken shi ne babba, don mutum zai ce maka zai zo, ranar kuwa a kwana ana ruwa, gari ya waye ya tafi gona, sai ka bi shi har kan kunya ka tuna masa. Tabarma kuma na koyi amfaninta daga wani mahauci. Wannan mutum in yana kasuwa muryarsa har tasha ake ji, zolaya da kirari ba wanda ya kai shi. Muka kawo shi aji, muka ɗora shi kan kujera a bayan tebur, fararen fuskoki suka zuba masa ido da alƙaluma a hannu. Bakinsa ya mutu. Duk abin da aka tambaye shi sai ya ce haka ne. Tun daga ranar muka daina ba kowa kujera. Mai sana'a ba ya magana sai hannunsa yana aiki. Ka shimfiɗa masa tabarma a waje, ka sa masa kayansa a gaba, ka bar shi ya manta da masu kallo.

Wata tsohuwa mai ginin tukwane da muka ɗauko daga Gitata ita ta tabbatar mini da haka. 'Yar ƙabilar Gwandara ce, Hausarta kaɗan, don haka 'yarta ke juya mini, ni kuma in juya wa ɗalibai. Ba ta ɗaga kai ta dubi kowa ba. Hannunta na cikin yumɓu tana zagaya tukunyar da baya da baya, tana faɗin inda ake haƙo ƙasar, da yadda ake gane wadda za ta fashe a wuta tun kafin a gasa. Sai da aka kira magariba muka tsayar da ita, ba don ta gaji ba.

Tafinta kuwa ba juya magana kawai ba ce. Ɗalibi zai ce, don me kuke yin kaza? A wurinsu tambayar neman sani ce. In ka kai wa dattijo ita haka tsirara, zai ji kamar ana tuhumarsa. Sai ka ce, Baba, yaran nan suna roƙon a ƙara musu haske a kan asalin kaza. Akwai kuma tambayoyin da ba a kaiwa sam, kamar a ce Bafillace ya faɗi yawan shanunsa. Sai ka gaya wa ɗalibin a hankali cewa ba a yin wannan a nan, ka ba shi wata hanyar. Yawancinsu masu hankali ne, da ka faɗa sau ɗaya sun riƙe. Na sha yin kure a farko, Ticha yana gyara ni da ido, ba ya kunyata ni a gaban mutane.

Da yaƙin basasa ya zo, ɗalibai suka daina zuwa. Na koma taya ƙanin mahaifina sayar da hatsi. Bayan an yi sulhu suka dawo, amma Ticha ya riga ya ajiye aiki ya koma gonarsa a Garaku, sai aikin ya faɗo a kaina ni kaɗai. Shugabarsu a lokacin wata mace ce mai furfura, kowa Madam yake ce mata. Tana jin Hausa sama-sama, kuma ba ta da raini.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda arzikin mai ya fara zuba sosai. 'Ya'yan masu sana'a suka watse, wasu aikin titi, wasu karen mota. Masaƙa suka naɗe kayansu saboda yadin kanti ya cika kasuwa, kwanon roba ya kori masu ƙwarya. Sai in yini a kan keke ban samu mutum ɗaya da zai zo ba. A cikin wannan gudun na saki wani abu da bai kamata in saki ba. Ɗaliban suna da al'adar ba kowane mai jawabi 'yar kyauta, tocila ko bargo ko sabulu, kuma ni nake raka su kasuwa a sayo. A wannan shekara na ce su riƙa zuwa da kansu, tunda sun fara jin ciniki. Sakacina ne, kuma daga nan abin ya faro.

Maƙera su ne ba su watse ba, don ko mai ya malala a titi, manomi sai da fartanya. Na tafi rumfarsu a Gangaren Tudu, na tuɓe takalmi a baki kamar yadda ake yi, na gaida Sarkin Maƙera. Ya tsufa ƙwarai a lokacin, hannunsa ba ya ɗaga masaba, wato babbar gudumar ƙira. Ya ce zai zo da kansa ya faɗi asalin sana'ar, kuma zai taho da Isa, ɗan ƙaninsa, ya buga ƙarfe a gani. Isa shi ne ya fi kowa hannu a rumfar nan, ga shi da fara'a da iya zance. Sarki yana da babban ɗa shi ma maƙeri, mutum shiru-shiru. Kowa a gari ya san tsakanin su biyun nan sarautar za ta faɗa wata rana, amma ba mai furtawa.

Ranar jawabin na haƙa musu rami a ƙarƙashin wata rumfar kwano a makarantar saboda hadari, muka kafa uwar maƙera, ƙarfen da ake bugu a kai, aka jera zuga-zugi da gawayi. Sarki ya zauna kan buzunsa ya yi magana a taƙaice, muryarsa ƙasa-ƙasa, ina juyawa. Sannan Isa ya ɗauko guntun ƙarfen sifirin na mota ya sa a wuta. Wani maƙeri yana yi masa zuga, shi yana juya ƙarfen da awartaki, yana bugu yana ba da labari. Ya nuna musu yadda ake gane zafin ƙarfe daga launinsa, ya nuna bambancin fartanyar ƙasa mai yashi da ta ƙasa mai laka. Ya kira wani dogon ɗalibi, wanda 'yan kasuwa suka laƙaba wa Dogo, ya ba shi masaba ya buga, ya ce a gaya masa da irin wannan bugu ko gyaɗa ba za ta fashe ba. Aka yi ta dariya. Kafin rana ta faɗi ya ƙera fartanya ya sa mata ƙota. Ban taɓa ganin ɗalibai sun ji daɗin jawabi kamar wannan ba. Ma'aikatan makarantar ma, masu dafa abinci da masu gadi da matansu, duk sun taru suna kallo.

Sai lokacin kyauta. Wata ɗaliba ta kawo wa Sarki bargo mai kauri, ta rusuna ta miƙa. Ya karɓa. Shi kuma Dogo ya kwance wata takarda ya fito da farin yadi. Na ɗauka yadin riga ne, ina can ina juya godiyar Sarki. Da na waiwayo, ya riga ya fara naɗa shi a kan hular Isa. Rawani ne. Daga baya na ji yadda aka yi: sun lura manyan gari ne ke sa shi, suka ce ai gwani ya cancanci abin manya, kuma mai sayarwa ya koya wa Dogo naɗin yana zaton shi zai kai ƙasarsu.

Isa ya ɗaga hannu zai cire, sai ya ga hannunsa baƙi ƙirin da gawayi, yadin kuwa fari fat, kyautar baƙi. Ya tsaya yana neman inda zai goge. Wannan ɗan tsayawar ita aka riƙe masa. Ɗalibai suka tafa. Wata daga cikin matan masu dafa abinci ta rangaɗa guɗa da wasa, wani mai gadi ya ɗaga hannu ya ce ranka ya daɗe. Duk wannan a gaban Sarkin Maƙera, da bargo a cinyarsa.

Sarki ya miƙe a hankali, ya dube ni.

"Sabo, gaya musu na gode. Ni sun ba ni abin kwanciya, yarona sun ba shi abin zama."

Rabin farko kawai na juya.

Kafin gari ya waye labari ya gama Keffi, kuma ya sake kama. Ana cewa Isa ya bi ta hannun Turawa an naɗa shi tun baffansa yana da rai. Sarki bai kore shi ba, bai ma ɗaga murya ba. Amma da Isa ya je rumfa ba wanda ya amsa gaisuwarsa, ba kuma wanda ya zauna ya yi masa zuga. Ku da ba ku san ƙira ba, aikin mutum biyu ne: ɗaya yana hura wuta, ɗaya yana bugu. In ba mai zuga, ƙarfe ba ya ja. Ga shi lokacin maimai ne, wato noma na biyu, manoma sun cika bakin rumfa da fartanyoyi masu neman gyara, kuma ba mai iya jira, don ciyawa ba ta jira. Ɗaya bayan ɗaya suka kwashe kayansu daga gaban Isa suka kai wa wasu. Abin da maƙeri ya ƙera da damina shi iyalinsa ke ci har rani. In damina ta wuce wutarsa a mace, sai dai ya bar garin.

Ni ma abin ya taɓa ni, don Sarkin Pawa da Sarkin Aska duk sun aiko cewa mutanensu ba su da sarari bana. Amma nawa mai sauƙi ne, ɗalibai za su tafi, wata shekara a sake lale. Na Isa ne ba ya jira.

Isa ya ninke rawanin ya kai wa baffansa har gida, ya durƙusa ya ajiye. Sarki ya ce ya ɗauke abinsa, ba shi ya naɗa ba, ba shi zai kwance ba. Ni ma na je da goro na yi bayanin yadda aka yi, na ce laifin nawa ne da ban raka su kasuwa ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya san yaran ba su da mugun nufi, ya san ni ma ba ni da shi. Amma abin da aka yi a gaban jama'a ba a goge shi a zaure. Goron bai taɓa ba.

Na hau keke na tafi Garaku, na sami Ticha a cikin dawarsa. Ya jingina da fartanya ya ji ni. Ya ce ai Sarki ya riga ya nuna mini hanya, ni ne nake neman wata mai sauƙi. Wanda ya naɗa shi zai tuɓe, kuma a gaban maƙera da manoman da suka ji labari. Na ce, Ticha, wannan ai tuɓe rawani ne a bainar jama'a, abin da ake yi wa wanda aka tsige. Ya ce ya sani. Ya ce in je in tambayi Isa, tunda kan nasa ne, kada in yanke masa.

Madam ce ta fara ƙi. Ta ce a ƙasarsu karɓe kyauta a gaban mutane cin mutunci ne, kuma ba za ta sa ɗalibanta su wulaƙanta mutumin da bai yi musu komai ba sai alheri. Ta ce za ta je da kanta ta ba Sarki haƙuri, ko su sayo masa rawanin da ya fi wancan. Na ce mata gaskiyarta, a nan ma cin mutunci ne, har ya fi na can. Amma rawani na biyu zai ƙara ɓata abin, don zai zama baƙi ne ke rabon sarauta a garin. Ba ta gamsu ba. Sai na je na taho da Isa.

Ya tsaya a bakin ofishinta, ya ƙi zama. Na gaya masa abin da ta ce, na kuma gaya masa abin da Ticha ya ce, ban rage komai ba. Da na gama, ya ce:

"Gaya wa Madam na gode da ta ji mini kunya. Amma kunyar ta yini ɗaya ce. Wutata ta mutu, ga damina tana wucewa."

Dogo yana wurin. Da na juya maganar, ya ce shi ya ɗaura, shi zai kwance, kada a sa wani.

Muka tafi da hantsi, lokacin da rumfa ta fi cika. Na aika tun da wuri an sanar da Sarki. Ɗaliban duk suka tuɓe takalma a baki, suka zauna a ƙasa cikin toka da ɓurɓushin gawayi, har Madam. Maƙera suka ajiye masaba. Manoma suka matso. Isa ya zauna a tsakiya, ya wanke hannunsa tas a wannan karon. Dole sai da Dogo ya sake naɗa masa rawanin, don ba a tuɓe abin da ba ya kai. Sannan ya shiga warwarewa, yadin kuwa dogo, kamar ba zai ƙare ba. Da ya gama ya ninke, ya ajiye gaban Sarki, ya faɗi 'yar Hausar da na koya masa a hanya, cewa sun yi kuskure, baƙi ne, a yafe musu.

Sarki bai taɓa yadin ba. Ya ce a kai wa liman, a ajiye don likkafanin baƙon da ya rasu a gari ba shi da kowa. Ya ce wa ɗaliban ya yafe, su gaida iyayensu in sun koma. Sannan ya juya wajen babban ɗansa.

"Tashi ka yi wa ɗan'uwanka zuga."

Ɗan ya tashi ya zauna bayan zuga-zugin Isa. Da gawayin ya kama, wani manomi ya jawo fartanyarsa daga inda ya kai ta, ya turo gaban Isa. Na yi wa ɗalibai ishara muka fita, don aiki ya fara kuma mun tare hanya.

A satin nan masu jawabi suka dawo, muka ƙarasa shekarar lafiya. Na ci gaba da aikin har lokacin da ɗaliban suka daina zuwa Keffi, kuma ban ƙara samun matsala da wani gidan sana'a ba. Isa ya rasa wani ɓangare na daminar, amma bai bar gari ba.

Bayan 'yan shekaru Sarki ya rasu, dattawan maƙera suka zauna zaɓen magaji. Ba wanda ya yi musun cewa Isa ya fi hannu, kuma da yawa suna sonsa. Sai wani tsoho a cikinsu ya ce shi bai taɓa jin inda aka naɗa wanda aka taɓa tuɓe wa rawani a gaban jama'a ba. Aka ce ai wancan ba naɗi ba ne, wasan baƙi ne. Ya ce shi dai ya ga an kwance da idonsa. A kan wannan aka ba babban ɗan.

Ina wurin ranar naɗin. Isa ne ya fara durƙusawa ya gaida sabon Sarki. Bai tsaya cin tuwon biki ba, ya koma rumfa ya hura wutarsa, don akwai wani manomi da ya taso tun daga Garaku yana jiran garma.